Ranar da Aka Buga Garwa a Tafkin Gidimuni

Safiyanu mutumin Gidimuni ne, kuma a bakin tafkin nan babu wanda ya kama ƙafarsa wajen tuƙin kwale-kwale. Wannan kowa ya yarda. Aibinsa guda ne: son a ce ya iya. In ya hango yabo a gabansa, ko uwar da ta haife shi ba ta isa ta tsayar da shi ba.

Da aka yi shelar za a yi tseren kwale-kwale bayan kaka, sai ya tafi Zinder aka sa masa wata manhaja ta masu koyon tuƙi a wayarsa. Ita ke tsara masa aikin kowace rana, ta auna nisan da ya yi da saurinsa. Muryar wata mata ce ke ƙirga masa bugun filafili da Faransanci ta abin sawa a kunne, don haka mutanen gari suka raɗa mata Madam. Duk ranar da ya cika aikinsa, sai a ƙara masa zobe ɗaya a wata sarƙa da ke fuskar wayar. In ya tsallake rana, sarƙar ta tsinke, a koma farko. Kai, in ka ga yadda yake bin majalisa yana nuna sarƙar nan, sai haushi ya kama ka.

Abokin tuƙinsa Tahiru ne, taubashinsa, wanda ke zama a baya yana saita jirgin. Tun da babur ya karya masa ƙafa ta ɗoru a karkace, Tahiru ba ya iya dogon iyo, kuma duk gari an san haka. Amma bakinsa lafiya lau. Kullum suna tsakiyar ruwa sai ya watsa wa Safiyanu ruwa a baya da filafili, ya ce, "Bawana, a gaida Madam!"

Akwai wata tsohuwar garwa da ke rataye a jikin dabino a bakin tafkin. Da damina, duk wanda ya fara ganin hadari ya taso daga gabas sai ya buga ta. Wanda ke kan ruwa kuwa, ko tarunsa ya cika da kifi, saki yake ya fito. Haka kuma da damina ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai.

Wata rana bayan la'asar gari ya yi tsit. Ganye ba ya motsi, zufa na tsatsafowa ko kana zaune. Safiyanu ya zo ƙofar gidan Tahiru da wayarsa a cikin leda, rataye a wuya. Hasana, matar Tahiru, ta leƙo zaure ta ce, "Yau kam ku haƙura. Shirun garin nan bai yi mini ba."

Safiyanu ya yi dariya. "Haba matar bawana! Sarƙata ta tsinke saboda shiru? Yanzu za mu je mu dawo."

Tahiru ya dubi sama, ya dubi matarsa. Ya ce, "In na ƙi, shi kaɗai zai shiga. Na san halinsa."

Hasana ta ce, "To Safiyanu, ka san ƙafar ɗan'uwanka. Amana ce. Ka maido mini shi yadda ka ɗauke shi."

Safiyanu ya ce, "An gama," yana toshe kunnuwansa da abin jin Madam.

Sun wuce ciyawar kachalla, sun kai inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, sai gabas ta fara yin baƙi. Masu lambu suka buga garwa. Tahiru ya ji, ya ƙwala wa Safiyanu kira, amma ina! Madam na ta ƙirga a kunnensa. Sai ya watsa masa ruwa a baya. Safiyanu ko waiwayowa bai yi ba, ya ɗauka tsokanar kullum ce, ya ce, "Za ta ji, bawana!"

Tahiru ya miƙa filafili ya zungure shi da ƙarfi. A nan ne Safiyanu ya cire na kunne ɗaya. Wallahi ya ji garwar, rau, ta ko'ina. Ya ga hadarin da idonsa. Wannan wurin ne ke ci mini rai duk lokacin da na tuna, domin ba rashin sani ba ne. Ya ɗago wayar, ya ga saura kaɗan aikin ranar ya cika.

Tahiru ya ce, "Safiyanu, ba wasa nake ba. Mu juya, don Allah."

A rayuwarsu bai taɓa kiran sa da sunansa haka ba. Amma Safiyanu ya ce, "Ɗan kaɗan ya rage. Riƙe mini kan jirgin." Ya mayar da abin kunnensa, ya sunkuya ya ci gaba.

Aikin ya cika. Wayar ta yi ƙara, sabon zobe ya hau. Kafin su gama juya jirgin iskar ta iso da jar ƙura, ta buge su ta gefe, kwale-kwalen ya kife. Safiyanu ya taso ya kama gindin jirgin, yana kiran Tahiru. Sau ɗaya ya ji an amsa, can nesa. Ruwan sama ya kece, ba ya ganin ko hannunsa. Da iska ta lafa masunta suka zo suka ɗauke shi. Tahiru kuwa sai da gari ya waye aka same shi a cikin kachalla.

Bayan an kai shi makwancinsa, Safiyanu ya shiga cikin gida ya durƙusa gaban Hasana don ya yi mata gaisuwa. Ya sunkuyar da kai. Wayar tana aljihunsa, leda ta hana ruwa taɓa ta. Ana cikin haka sai muryar Madam ta tashi, cike da fara'a, tana tuna masa lokacin tuƙi ya yi. Matan da ke zaune suka ɗago kai.

Hasana ta dube shi da jajayen idanu, ta ce, "Sarƙar taka ba ta tsinke ba ko?"

Ya ce, "Ba ta tsinke ba."

Ta ce, "To madalla." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Safiyanu bai shiga tseren ba, bai ƙara taka kwale-kwale ba. Yanzu lambu yake yi a bakin tafkin, kuma da damina shi ne kan fara kaiwa ga garwar.

Darasin a fili yake, ya mai karatu. Wayar nan ba ta yi laifi ba, abin da aka sa ta ta ƙirga shi ta ƙirga. Ba ta ganin hadari, ba ta san ƙafar Tahiru ba. Safiyanu ne ya sani, ya ji gargaɗi, ya zaɓi zobe ɗaya a kan ran da aka ba shi amana. In son yabo ya ce maka saura kaɗan alhali ana buga maka garwa, ka juya. Sarƙa in ta tsinke ana sake farawa gobe, amma Tahiru bai dawo ba.