Ranar da Aka Kai Gudrun Shan Shayi

Akwai wata mata mai suna Gudrun Zeidler a wani ƙauyen mahaƙa ma'adinai da ke cikin duwatsu, kudu da birnin Dresden a ƙasar Jamus. Ta ba saba'in baya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse cikin birane. Abu ɗaya ya rage mata da take gyara gashi ta fita dominsa: ƙungiyar mawaƙan cocin ƙauyensu.

Suna da wata tsohuwar waƙar mahaƙa da ba a yin ta sai lokacin Kirsimeti. A tsakiyarta kowa yakan yi tsit, murya ɗaya ta ɗauki baiti ita kaɗai. Tun Gudrun tana amarya baitin nan nata ne.

Shugabar ƙungiyar kuwa Hannelore ce, aminiyarta. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, tare suka yi aiki a masaƙar safa har aka rufe ta. Ranar da aka binne mijin Gudrun, Hannelore ce ta riƙe ta don kada ta faɗi. Duk ranar gwaji, da Gudrun ta kai ƙarshen baitinta, sai Hannelore ta dafa ƙirji ta ce, "Madalla, Gudrun. Madalla."

A wannan shekarar aka gayyace su su yi waƙa a dandamalin babbar kasuwar Kirsimeti ta Dresden. Ba a taɓa gayyatar ƙauyen ba. Gudrun ta ɗauki abin da zafi. Ta daina shan ruwan sanyi, ta naɗe wuya ko a cikin ɗaki, ta rage magana. Wanda ya san Gudrun ya san wannan na ƙarshen shi ne babban aikin, domin mace ce mai baki, ba ta ganin abu ta ƙyale.

A cikin bas ɗin da suka yi haya, Eberhard, wani tsoho mai ƙatuwar murya da ke tsayawa a layin baya, ya leƙo ta saman kujera.

"Jama'a, ku duba ko Gudrun na da rai. Mun wuce ƙauye uku ba ta zagi kowa ba."

Ta make shi da safar hannu. "Bari in sauko daga dandamali, tsohon banza. Na ajiye maka naka."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Gudrun ta ɗauka fargaba ce ta kama mutane.

Suka iso da rana tsaka. Kasuwa ta cika maƙil, ƙamshin tsiran gashi da soyayyar gyaɗar almon da giya mai zafi ya cika iska, dusar ƙanƙara tana sauka kaɗan-kaɗan a kan rumfuna. Mawaƙan dukansu sun ɗaura jan ƙyallen ulu a wuya don kada wani ya ɓace.

Hannelore ta je wajen masu shirya taron, ta dawo tana kaɗa kai.

"Sun ɗage mu sai bayan faɗuwar rana. Gudrun, sanyin nan zai cinye miki murya kafin lokacin. Akwai gidan shayi a bayan cocin can, ki je ki zauna a ɗumi. In lokaci ya yi ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

"Ku fa?"

"Mu taron yuyuyu ne, ko mun dishe wa zai gane? Ke ce abin tattali."

Maganar ta yi wa Gudrun daɗi, ba sai an faɗa ba. Eberhard ne ya raka ta, ya riƙe mata jaka, ya samo mata kujera kusa da abin ɗumama ɗaki. Ya sa aka kawo mata shayi da zuma da yankan burodin zabibi mai farin sukari.

"Yau kai ne da sayen wa mace shayi?" in ji Gudrun. "Ko likita ya gaya maka wani abu ne?"

Bai rama ba. Ya gyara hularsa, ya ce, "Ki sha da zafinsa," ya fice.

Ta zauna tana kurɓa a hankali, tana bin baitin a zuci. Burodin ma ba ta taɓa ba, kada wani ɓurɓushi ya maƙale mata. Ta taga tana ganin rana ba ta ko kusa faɗuwa ba.

Can sai wasu mata da miji suka zo shiga da keken jariri, ƙafar keken ta maƙale a bakin ƙofa, ƙofar ta tsaya a buɗe. Sanyi ya shigo, waƙa ta biyo shi daga lasifikan kasuwa.

Waƙar mahaƙa ce.

Da farko ta ce a ranta, wasu ƙauyawan ne suka kwaikwayi waƙarsu. Sai ta ji wata ƙatuwar murya ta shigo a makare, kamar yadda take shigowa a makare shekara da shekaru. Eberhard.

Ku ji abin da ya fara zuwa zuciyar baiwar Allah nan. Ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi a ranta an sake dawo da lokacin, Hannelore ba ta sami damar zuwa ba, ga shi za su kai tsakiyar waƙa babu mai ɗauka, ƙauyensu zai ji kunya a gaban duk Dresden. Ta bar babbar rigarta a kan kujera ta fita da gudu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana ture mutane tana ba da haƙuri. Wani ya zuba mata abin shansa a hannu, ba ta ko tsaya ba.

Ta iso gaban dandamali daidai lokacin da muryoyi suka ɗauke. Tana haki, ta buɗe baki za ta ɗauka daga nan ƙasa.

Sai Franzi ta tako gaba. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da ɗoriya, jikar mai gidan burodin ƙauye. Ba ta yi kama da wadda aka turo a gaggauce ba. An riga an saita makirufo daidai tsayinta. Hannelore ta ɗaga mata hannu, yarinyar ta ɗauki baitin.

Kuma ta iya. Wannan ne ya fi yi wa Gudrun ciwo. Muryar ta hau can sama inda tata ta daɗe tana rawa, ta zauna daram. Gudrun tana tsaye cikin sanyi ba riga, a karon farko ta ji yadda baitin ya kamata ya fita, ta kuma gane yadda ya daɗe yana fita daga bakinta. Ta bi fuskokin da ke kan dandamali ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki. Kowa ya sani.

Aka tafa sosai. Ita ma ta tafa.

Da suka sauko ta bayan dandamali, Franzi ce ta fara hango ta, ta rugo ta kama hannuwanta.

"Madam Zeidler! Ashe kin iya fitowa! Na gode, na gode da kika ce a ba ni. Na yi daidai?"

"Ni na ce a ba ki?"

"Haka aka gaya min. Wai kin gaji, amma ba kya son a yi zancen a gabanki."

Gudrun ta dube ta. "Kin yi kyau, 'yar nan. Kin yi saurin jan numfashi a ƙarshe, amma kin yi kyau."

Sannan ta juya. Hannelore tana tsaye da takardun waƙa a ƙirji, fuskarta ta yi fari fat. Sauran duk sun sami abin kallo a takalmansu.

"Hanne, a ina kuka yi gwaji?"

"Gudrun, mu bari sai mun koma gida..."

"A ina?"

"A gidana."

"Yaushe?"

"Ranakun Laraba."

"Larabar da kike zuwa wajen likitan ƙafa? Har man shafawa na kawo miki."

Hannelore ta fara hawaye. "Don ke na yi. Ban so ki hau gaban dubban mutane a yi miki dariya ba. Kuma kin san halinki, wa zai iya tunkarar ki?"

"Ke," in ji Gudrun. "Ke za ki iya. Da kin zo kicin ɗina kin faɗa min, da na zage ki tas, in yi kwana biyu ba na gaishe ki, rana ta uku in kira yarinyar nan in koya mata inda ake numfashi. Yau da ina layin baya kusa da wannan tsohon ina waƙa tare da kowa. Amma kuka taru, ku duka, kuka ajiye ni a gidan shayi kamar laimar da aka manta."

Eberhard ya matso yana murza hula. "Gudrun, ni fa cewa aka yi..."

"Kai rufe min baki. Shayinka ma ya yi sanyi."

Ta koma ta ɗauki rigarta. Ba ta shiga bas ɗinsu ba, jirgin ƙasa ta bi ta koma gida ita kaɗai.

Ba ta kai ƙarar kowa wajen fasto ba, ba ta bi gida-gida tana ba da labari ba. Ranar Lahadi takan zo coci ta zauna cikin jama'a, in an gama ta tafi.

Amma ƙungiyar ba ta sake zama daidai ba. Duk sanda Hannelore ta ce wa wani "madalla", sai ka ga mutumin yana satar kallon na kusa da shi. Wata rana ta ce wa Eberhard ya ɗan huta a baiti na biyu, ya ajiye takardarsa ya ce, "Ni ma shayin za a kai ni? Ki faɗa min tun yanzu in zo da kofina." Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gudun ranar tasa. Kafin bazara, layin baya ya zama wayam.

Franzi kuwa, da kunya da komai, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Gudrun ta ba da haƙuri. Gudrun ta ce ba ita ta yi mata ba. Daga nan yarinyar ta riƙa zuwa duk mako tana koyon tsofaffin waƙoƙin da babu mai sauran saninsu sai Gudrun. In ta yi kuskure a gaya mata a take, ba sakaye. Ta kawo ƙawayenta biyu, su ma suka kawo nasu. Gidan da ya yi shekaru shiru ya koma sai an ƙaro kujeru daga maƙwabta.

Da ƙanƙara ta narke, Hannelore ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa da kek a hannu, ta rame.

"Na yi kewarki, Gudrun. Ki ce min abin da zan yi, in yi."

Gudrun ma ta yi kewarta, Allah ya sani. Shekara sittin ba wasa ba ce.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Ki ba ni amsa, ki shigo mu ci kek ɗin nan. Muryata ta ƙare, ko ba ta ƙare ba?"

Hannelore ta dubi kek, ta dubi ƙasa.

"Haba, ba wai ta ƙare ba ne... ai har yanzu da daɗinta, kawai dai ranar sanyi ne ya yi yawa..."

Gudrun ta gyaɗa kai a hankali.

"Ki gaida gida, Hanne."

Ta rufe ƙofar, ba da ƙarfi ba.

Darasi: Wanda ya yi maka ƙarya wai don kada ranka ya ɓaci, yawanci ba ranka yake tattali ba, nasa yake tattali, gudun minti biyar na rashin daɗi yake yi. Gaskiya mai zafi takan yi ciwo ta warke. Amma a taru a yi shawara a kanka a bayan idonka, a ajiye ka gefe da murmushi, wannan ba ya warkewa da kek. In akwai tsoho ko aboki da kowa ya san wata gaskiya game da shi sai shi kaɗai, ka je da ƙafarka ka faɗa masa, kai da shi, tun yau. Ku tura wa duk wanda kuke ƙauna har za ku iya jure fushinsa.