Benci Ɗari Biyu, Makaranta Arba'in

An yi wani mutum a wani babban birni da aka damƙa wa makarantun gwamnati guda arba'in. Ya 'yan uwa, arba'in fa! Yaran da ke ƙarƙashinsa, in aka tashe su lokaci guda, sai motoci su tsaya cik a kan titi.

Aka ba shi kuɗin da zai sa wa kowane aji benci. Sai ya sa kafinta ya yi ɗari biyu kacal, masu kyau, suna ƙamshin fenti, sauran kuɗin kuwa ya tayar da bene da su. Duk makarantar da masu duba aiki za su je, sai babbar mota ta riga su da sassafe ɗauke da bencinan. A jera benci, a ɗauki hoto, a yaba masa. Da yamma a kwashe, gobe a kai gaba. Yara su koma kan fasasshen siminti suna rubutu a kan gwiwa. Shekara uku yana wannan ta'asa!

Wata hedimasta ta taɓa roƙonsa, "Ranka ya daɗe, ko goma a bar mana. 'Yan aji ɗaya sanyi na kama su." Ya ce, "Malama, ki ji da kujerarki."

To, ku saurari ikon Allah. Ran nan aka kai bencinan wata makaranta, wata 'yar aji uku, wadda ba ta taɓa hawa benci ba, murna ta ishe ta. Ta tsinci ƙusa ta zana tsuntsu a kai, har da ƙafa uku, don ba ta iya ba.

A ranar aka turo sabuwar mai duba aiki, wata dattijuwa da ba ta tsayawa a bakin ƙofa, sai ta shige ta zauna cikin yara. Ta ga tsuntsun, ta yi dariya. Washegari, a can wani gefen birnin, ta shiga wani aji ta zauna, sai ga tsuntsu mai ƙafa uku a gabanta. Subhanallahi! Benci ɗari biyu, wa ya zaunar da ita a kan wannan ɗin har sau biyu? Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ta kira shi gaban malamai ta nuna masa. "Yallaɓai, wannan tsuntsun tun jiya yake bi na." Nan take ta kai maganar gaban hukuma. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, aka shiga makarantu arba'in ɗin. A talatin da tara, yara na zaune a ƙasa.

Aka kore shi, aka gurfanar da shi, aka ƙwace benen. Masu yi masa fadanci suka watse. 'Ya'yan cikinsa suka daina rubuta sunansa a bayan nasu. Ya fito daga kurkuku da shanyewar ɓarin jiki, ba mai leƙa shi.

Ya 'yan uwa, ya rufe idon hukuma shekara uku, amma ya manta da Wanda ba a rufe wa ido. Haƙƙin yaro ba ya bin iska don yaron bai san inda ake kai ƙara ba. Kai da aka ba amanar aji, ko ofis, ko gida, me kake jerawa in za a zo dubawa?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda ba su da baki, ya sa mu gyara tun asirinmu na rufe. Amin.