Minti Goman da Makaniki Ya Ƙi Shiga Mota

An yi wani mutum, makanikin birki. Ranar da zan fara muku labarinsa, gudu yake yi a barandar asibiti, takalmi ɗaya a ƙafa, baƙin mai har gwiwar hannu, yana tare duk mai farar riga yana tambaya ina aka kai yarinyar da aka ciro daga jar mota. Wata nas ta nuna masa ƙofar ɗakin tiyata a rufe, ta ce ya zauna. Bai zauna ba. Hannu ya sa a aljihu ya ciro alewa mai ƙamshi, ya watsa biyu a baki.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan. 'Yarsa tana ƙarƙashin wuƙar likita, shi kuma abin da ya fara faɗo masa a rai warin bakinsa ne.

Da ba haka yake ba. A garejinsu Mai Kunne ake ce masa, don yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa. In ya gama aikin birki, ba ya miƙa makulli sai ya sa mai motar ya zauna a gefensa, ya ɗaga gilasai duka, ya kashe rediyo, ya zaga layin sau ɗaya yana taka birki yana saurare. Minti goma ne. Masu sauri sukan yi ƙorafi, ya ce musu da su yi latti gara su isa. Shekara ashirin ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Yana da 'ya ɗaya tal, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tun tana ƙarama take zama a kujerar gefe in yana wannan zagayen. Ta haddace yadda yake karkata kai yana saurare, takan kwaikwaye shi a gida har uwarta ta yi dariya da hawaye.

To, a gefen rumfarsa akwai wani mai fentin mota. Shi ya fara miƙa masa giya a kofin shayi, wata rana da ciwon baya ya hana shi miƙewa. Ya ce masa abin da aka hana maye ne, rabin kofi kuwa ai magani ne, ko jariri ba zai bugar ba. Makaniki ya yi dariya ya ce yaushe mai fenti ya fara ba da fatawa. Amma ya karɓa.

Ya 'yan uwa, wa ya ba mai fenti ma'aunin halal da haram? Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce mu nisance ta. Bai ce mu rage ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ina rabin kofi ya samu ƙofa a nan?

Rabin kofi ya zama kofi. Kofi ya zama kwalba a bayan tsofaffin tayoyi. Bai taɓa tangaɗi a titi ba, bai taɓa zagin kowa ba, shi ya sa yake gaya wa kansa bai kai inda ake tsoro ba. Amma ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma can ƙarshe kusa da takalma, inda babu mai jin numfashinsa. A gida ya daina zama kusa da matarsa. Ta zaci fushi yake da ita, ta yi ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba. Wani lokaci yakan ji liman na karatu daga nesa, zuciyarsa ta yi ta marmarin wurinsa na da, a hannun daman liman, ya ce gobe zai daina.

Ana nan 'yarsa ta gama karatu, ta samu aiki, ta sayi 'yar jar mota ta hannu. Ba ta kai ta ko'ina ba sai garejin ubanta, da azahar, ba tare da ta kira ba. Ta fito tana kaɗa makulli.

"Baba, na kawo maka kwastoma. Amma ka sani ba ta biya."

"Uwata, ai kin daɗe kina cin bashina ba biya," ya ce, yana ja da baya, don bai fi minti biyar da ajiye kofin ba.

Ya shige ƙarƙashin mota da sauri, can ne kawai ba za ta ji shi ba. Ya ga tiyon man birki ya tsufa, ya canza. Ya ɗaura notin da yatsa, ya miƙa hannu zai ɗauki sifana ya ƙara matse shi, sai ta durƙuso tana masa hira, fuskarta dab da tasa. Ya juya kai, ya yi maza ya fito ta ɗaya gefen. Sifanan yana nan a ƙasa inda ya bar shi.

Da ya sauke motar, sai ya tarar har ta shige kujerar gefe, ta ɗaga gilasai, ta karkata kai irin nasa tana jiransa.

Ya tsaya da makulli a hannu. Mota a rufe, shi da ita, minti goma. Ya san numfashi ɗaya zai yi ta gane. Sai ya ce mata aiki ya yi masa yawa yau, komai daidai ne, ta tafi. Ya ɗora makullin a kan bonet, bai ko miƙa mata hannu da hannu ba.

Ta ɗauki makullin. "Yau babu zagaye, Baba?"

"Wani jiƙon, Uwata."

Da a ce ya yi zagayen, taku uku zai yi ya ji birkin ya yi laushi. Mai ya yi ta ɗiga a hanya. A gangaren gada ta taka, ƙafarta ta tafi har ƙasa. 'Yan makaranta na tsallaka titi, sai ta karkatar da motar ta daki ginshiƙin gada.

Ta rayu. Likita ya ce ƙashin baya ya taɓu, tafiya kuma sai wani ikon Allah.

Kwana uku yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakinta, ya kasa shiga. Mai fenti bai ko leƙo ba. A rana ta huɗu yarinyar ta aiko uwarta ta kira shi. Ta kama hannunsa, ta ce kada ya sa damuwa a ransa, ƙaddara ce, ai ta san motar da ta fito daga hannunsa ba ta da matsala. Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Ya 'yan uwa, wannan mutumin bai bugu ba ranar. Ƙafarsa daram take. Amma giya ba ta jira sai ta kayar da kai. Tun kafin nan ta raba ka da sahu, ta raba ka da iyalinka, ta mai da kai mai ɓuya a gidanka. Duk abin da zai sa uba ya ji tsoron zama kusa da 'yarsa, har sai an tambayi malami ko haramun ne? Kai da ke cewa kaɗan kake sha, wa kake ja wa baya in kana magana? Ƙofar tuba a buɗe take, shi ma a buɗe take gare shi. Amma tuba ba ta mai da mota gareji. Yanzu babu abin da yake so a duniya kamar minti goman nan. Yakan rufe ido ya ga ya buɗe ƙofa ya zauna, ta ji warin, ta yi kuka, ta yi fushi da shi shekara guda, tana tafiya da ƙafafunta.

Yana riƙe da hannunta aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mutum ne da ba su sani ba, da katin aiki rataye a wuya. Ya yi sallama, ya ce shi mai binciken haɗurran mota ne. A hannunsa akwai farar leda, cikinta sabon tiyon birki da noti. Ya ce notin nan bai taɓa ganin sifana ba, yana so ya san wanda ya yi aiki a motar kafin haɗarin.

Makaniki ya kafa wa notin ido.

Yarinyar ta yi murmushi daga kan gado, ta ƙara matse hannunsa.

"Babana ne," ta ce. "Ga shi nan. Tambaye shi, shi ba ya kuskure."

Allah ya tsare bakunanmu daga abin da ya haramta, ya tsare waɗanda suka amince da mu daga sharrin hannayenmu. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu tuba tun ba a ƙwanƙwasa mana ƙofa ba.