Jan Ruwan Rijiyar Goggo Tabawa

Ku matso, ga wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, ban sami inda zan ajiye ta ba.

A wani ƙauye mai jar ƙasa an yi wata tsohuwa, Goggo Tabawa. Mijinta ya haƙa mata rijiya a tsakar gida kafin ya rasu. Da rijiyoyi suka ja baya aka ƙara mata zurfi, sai ruwan ya sauya hali. A guga garai-garai yake fitowa, amma in ya jima a randa sai ya yi ja, a baki kuwa kamar an tauna ƙusa. Farin zane in ya shiga ba ya komawa fari. Maƙwabta suka daina ɗiba, suka ce an binne wani abu a ciki, mai unguwa ya ce a cike ta.

Goggo tana da likkafanin da ta kaɗa zarensa da hannunta. Ta tara 'ya'yanta mata uku ta ce, "Da ruwan rijiyar babanku nake so a wanke ni, amma ba na so in je gaban Ubangiji da tabo a zane. Wadda ta gyara ruwan nan, ita za ta yi mini wanka."

Babbar, Tasalla, ta roƙi mai unguwa ya dakata. Ta cika kwalba ta kai gari wurin masu awon ruwa. Ta dawo ta tsaya gaban dattawa ta ce, "Ba sammu ba ne, Baba. Ƙarfe ne na marmarar da aka fasa a ƙasa, tsatsarsa kuke gani." Aka bar rijiya. Amma ruwa yana nan da jansa.

Ta tsakiya, Ladidi, hatsi take sayarwa. Ta lura ruwan da ya fantsama shi ya fi saurin yin ja. Sai ta ɗaga ƙwarya sama tana shiƙar ruwa kamar gero, daga mazubi zuwa mazubi, ƙanwarta na mata dariya: "Yaya, ƙaiƙayin nawa kika samu?" Ruwan ya sha iska, tsatsar ta fito ta kwanta a gindi. Sai dai da an sa moɗa take tashi.

Autar, Kyauta, maginiyar tukwane ce. Ta gina doguwar randa mai ƙaramar kafa a ƙasa, ta jera tsakuwa, da gawayi, da yashin rafi wankakke a cikinta. Ta zuba ɗanyen ruwan rijiya, ya wuce fari, ya je ya yi ja a kwano. Da ta zuba wanda Ladidi ta shiƙa, sai ya ɗigo tas, ya wuni bai sauya ba.

Goggo ta kurɓa, ta tsoma bakin likkafanin ta shanya, ya bushe fari. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka." Ba ta kira sunan kowa ba, su kuma suka ji nauyin tambaya.

Da lokacin kaka ya zo, Goggo ta rasu. Maza suka tafi haƙa kabari, aka ajiye ruwan a bakin ɗaki, ƙwarya ɗaya a kai. Su uku suna tsaye, babu wadda ta miƙa hannu.

To, wace ce a cikinsu ta cancanci ɗaukar ƙwaryar nan?