Gimbiya a Cikin Kwali

Akwai wata yarinya da tun tana aji ɗaya take cewa ita gimbiya ce, har sunan ya bi ta. Ko tsintsiya aka miƙa mata, sai ta tsaya duban farcenta. Ƙanwarta Auta kuwa littattafan zane na jarumai mata ne suka tafi da hankalinta. Kullum tawul a wuya, tana dirowa daga kan kujera.

"Mace da tsalle kamar akuya!" in ji Gimbiya. "Kar ki ce ni yayarki ce."

Ranar da malama ta ba ta matsayin 'yar sarki a wasan makaranta, har maƙwabta sai da suka ji. Auta ta roƙe ta ta sa baki a ba ta ko matsayin mai gadi ne. Gimbiya ta ce ba a wasanta ba.

Wasan mai sauƙi ne: za a rufe ta a hasumiyar kwali, yarima ya zo ya fito da ita.

Ranar wasan, ɗakin taro ya cika maƙil da iyaye. Gimbiya ta leƙo ta taga, ta yi fari da ido, ta ce, "Wa zai cece ni?"

Yarima bai fito ba. Ashe yarinyar da za ta fito a yarima tana hango taron ta ruga banɗaki ta kulle kanta.

Gimbiya ta sake kira, aka fara ƙus-ƙus ana dariya. Ta tura ƙofar, ta ji an liƙe ta daga waje. Hawaye ya fara wanke mata hoda.

Sai ga ihu daga layin baya. Auta ce! Ta fizge ƙyallen teburin malamai ta ɗaura a wuya, ta haye dandamali da tsalle ɗaya, ta yage ƙofar kwalin.

"Fito, Yaya, na iso!"

Wuri ya kaure da tafi, iyaye sun ɗauka haka aka tsara.

Gimbiya ta raɗa mata, "Wannan ba ya cikin abin da na haddace. Me zan ce?"

"Ki ce kin gode mana!"

Ta riƙe hannun Auta gam, ta faɗa da ƙarfi har na layin baya suka ji: "Na gode, ƙanwata."

Darasi: Kada ka raina burin ɗan'uwanka don bai yi kama da naka ba. Wanda ka yi wa dariya jiya, shi zai iya fitar da kai kunya yau. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman yayyen nan masu ji da kai.