Tambarin Wuyan Raƙumi

Ku matso ku ji wata, ta cikin birni ce, kuma idan na gama ku za ku yanke hukunci.

Akwai wasu abokai uku a Kano da suka haɗu suka buɗe shagon zane, suna yi wa 'yan kasuwa tambari da allunan talla. Sahura ce mai ɗaukar hoto, Munzali mai zane a kwamfuta, Tanimu kuma shi ke da injin buga takardu.

Wata mata, Hajiya Lawiza, ta sayar da gidan gadonta ta kafa kamfanin nonon raƙumi a gorar roba, ta sa masa suna Raɓa. Buzaye ne ke kawo mata nonon. Ta ce wa ukun tana son tambarin da ba wanda ya taɓa ganin irinsa a kanti.

Sahura ta je kara, kasuwar dabbobi, ta ɗauko hotunan raƙuma. A wuyan wani akwai ƙunar ƙarfe: gajerun layuka biyu, da ɗigo a ƙarƙashinsu. Munzali ya ga ta yi kyau, ya gyara ta, ya ba ta launin shuɗi. Tanimu ya buga ta a kan sitikoki, aka liƙa wa gorori. Cikinsu ba wanda ya tambaya ko ta wa ce. An fara raba nonon a kantuna don ɗanɗano, aka sa ranar bikin buɗewa.

Ranar bikin da hantsi, ukun suka leƙo suka ga Buzaye zaune a ƙofar shagonsu, rawuna sun rufe bakunansu. Buzaye masu gadin unguwa ne suka fara ganin gororin a kwata, suka kai wa babbansu, wani dattijo mai suna Agali. Yana riƙe da gora ɗaya da taɓo ya ɓata. Ya sa aka kira Hajiya Lawiza, ya ce mata:

"Wannan shaidar gidanmu ce, tun kakan kakana. Yau akuya na taka ta. Daga gobe ko cokali ɗaya na nono ba zai shiga kamfaninki ba, daga wurinmu ko daga wurin duk wanda ke jin maganata."

Hajiya ta jingina da mota. Ba nono, ba kamfani, ga gida ya riga ya tafi. Maƙwabta suka fara jan ƙofofin shagunansu.

Sahura ce ta zare sakata ta fito ita kaɗai. Ta cire takalmi, ta durƙusa a ƙasa, ta gaishe su da 'yar gaisuwar Buzanci da ta koya wurin kakarta. Wani matashi a cikinsu ya ce, "Kin iya gaisuwa, amma ba ki iya tambaya ba." Ta ce, "Haka ne." Sai ta miƙa wa dattijon hoton raƙumin da ta ɗauka. Ya daɗe yana kallo, don raƙuminsa ne da ya sayar a shekarar fari. Ta ce, "Baba, mene ne ya fi yi maka ciwo, ɗaukar da muka yi ko inda ka tsince ta?" Ya ce, "Inda na tsince ta." Ya yarda zai jira zuwa la'asar. Da ba ta fito ba, da sun tashi da maganarsu, kuma Agali ba ya janye magana bayan ya tashi.

Munzali ya zauna gaban kwamfuta. Cire tambarin gaba ɗaya na nufin jama'a ba za su gane nonon da suka riga suka ɗanɗana ba. Barinsa kuma ba zai yiwu ba. Ya zana ya goge, ya zana ya goge, har ya lura da abu ɗaya a hoton: mutum sai ya ɗaga kai yake ganin shaidar a wuyan raƙumi. Sai ya bar wa gora shuɗin da lanƙwasar wuyan kawai, ba shaida. Ita shaidar ya mayar da ita saman allon kamfani da saman motocin rabo, inda ƙafa ba ta kai. Agali ya duba zanen ya ce, "Wannan zan iya kallo." Da Munzali bai gano wannan ba, da jiran da aka samu bai yi amfani ba.

Tanimu yana da aikin wani babban ɗan kasuwa a kan inji. Ya sauke shi, mutumin ya yi rantsuwa ba zai sake kawo masa aiki ba, kuma bai sake ba. Ba wuta, ya tayar da janareta ya buga sababbin sitikoki. Sannan ya hau babur ya bi kantuna, ya bi bola, ya shiga kwata da hannunsa yana tsamo gorori yana ɓare tsofaffin sitikokin. Ana kiran la'asar ya iso da buhu cike da su, yatsunsa na jini, ya ajiye a gaban dattijon. Agali ya riga ya naɗe buzun da yake zaune a kai, zai tafi. Da Tanimu bai yi wannan ba, da zanen na nan a kwamfuta kawai.

Agali ya sake zama. Ya ce nono zai ci gaba da zuwa. Amma ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Mu ba ma ba wa kamfani shaida. Kamfani ba shi da fuska. Mutum ɗaya ake ba wa, ya zama namu, shi ke cewa a sa ta nan ko kada a sa. Idan na sake ganinta a ƙasa, ƙofarsa zan zo."

Hajiya Lawiza ta ce wanda aka ba a cikin ukun, shi zai riƙe duk aikin tallan kamfanin. Baƙi sun fara isowa wurin biki, dattijon kuma ya ce ba zai tashi ba sai an faɗa masa suna. Ukun suka tsaya, ba mai kallon wani.

Kowannensu da hannunsa a cikin ɓarnar, kowannensu da hannunsa a cikin gyaran. To, ku faɗa mini: wadda ta hana dattijo tashi, ko wanda ya samo wa shaidar mazauni, ko wanda ya tsamo ta daga kwata, wa ya kamata a damƙa wa?