Ma'aikatan da ke Ƙarƙashin Taɓo

Akwai wani mutum mai lambu a gefen wani tafki, kusa da babban titi. Da ruwan tafkin nan yake shayar da tumatir da albasarsa, da su kuma yake ciyar da gidansa. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai yana da hali guda: a ganinsa, duk aikin da hannunsa bai taɓa ba, to ba a yi shi ba. Ko matarsa ta share tsakar gida, sai ya bi baya da tsintsiya.

Ana nan sai wata tankar mai ta kife a kan titin, man ya gangaro ya shiga tafkin. Kifaye suka taso matattu, kwaɗi suka yi tsit, shukar da ya ba ruwan ta ƙone. Ya tsame abin da ke yawo a sama da tsofaffin buhuna, amma sauran ya riga ya shige cikin taɓo. Duk inda ya sa ƙafa, sai warin mai ya taso.

Sai ya ce a ransa, "Zan yashe tafkin nan, in kwashe baƙin taɓon nan kaf." Ran da ya fara, ya sunkuya zai ɗaga kwandon farko ke nan, bayansa ya riƙe. A amalanke aka kai shi gida.

Ya daɗe a kwance. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. 'Yan'uwa a ikkilisiya suna kawo musu hatsi, yana karɓa cikin jin kunya. Addu'arsa duk ta koma ƙorafi, yana tambayar Ubangiji don me ya ɗaure masa hannu a lokacin da tafkinsa ke mutuwa.

Da ya sami sauƙi, ya dogara sanda ya tafi don ya ga ɓarnar da idonsa. Tun daga nesa ya ji kukan kwaɗi. Ya caka sandarsa cikin taɓo, ya zaro, ya sansana. Akwai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, amma babu warin mai. Bai yarda da hancinsa ba, sai ya sa aka kira wata ma'aikaciya mai gwajin ruwa. Ta ɗiba ta tafi da shi, ta dawo ta ce ruwan ya yi kyau, yana iya komawa ban ruwa.

Ya ce, "'Yata, wa ya yashe mini tafki ina kwance?"

Ta ce, "Baba, ba wanda ya yashe. Can ƙarƙashin taɓo, inda iska ba ta shiga, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne suka yi ta cin dafin man, suna farfasa shi kaɗan-kaɗan. Da ka kwashe taɓon, da ka zuba dafin a bakin lambunka, ka kuma kori masu aikin."

Mutumin ya zauna a bakin ruwa, hawaye suna zubo masa. Murna da kunya suka cika shi, ya yi ta yi wa Allah godiya.

Ma'anar wannan misali ita ce: tafkin nan shi ne zuciyarka, man kuwa shi ne muguntar da ta faɗo maka ba da laifinka ba, ko rashi, ko cin amana, ko maganar da ta nutse ta ƙi fita. Abin da ke sama, ka tsame iyakar ƙarfinka, gama Allah bai ce mu naɗe hannu ba. Amma akwai zurfin da hannunka ba ya kaiwa, inda ba haske, ba iska, har kana cewa Ubangiji ya manta da wurin. A can ne Ruhunsa yake aiki a hankali, ba hayaniya, ko da kana kwance kana gunaguni.

'Yan'uwa, kafin mu tashi, kowa ya tuna da wani abin da ya taɓa cin ransa, wanda yau yake iya ambatarsa ba tare da zafi ba. Ba kai ka kwashe shi ba. Ka gode wa wanda ya yi.